Hutun da Ake Biya a Amurka: Me Ya Sa Kowace Jiha Take da Tata Dokar?

Ibrahim (Columbus, Ohio):
Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar ƙwadago a ƙasar nan. Ina aiki a sito na wani kamfanin rarraba kaya, kuma a wurinmu duk ranar da mutum bai zo ba, ko da kuwa zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ba a biyan sa ko sisi. Surukina da ke New York yana irin aikin da nake yi, amma shi a kowace takardar albashinsa ana rubuta masa awannin hutun rashin lafiya da ya tara, kuma idan ya ɗauka ana biyan sa cikakke. Shin kamfaninmu ne yake danne mana haƙƙi, ko kuwa doka ce ta bambanta?

Malama Zainab (Minneapolis, Minnesota):
Wa alaikumus salam, Malam Ibrahim. Aikina lissafin albashi ne, don haka wannan tambaya kullum tana kan teburina. Doka ce ta bambanta. Babu wata dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya biya ma'aikaci hutun shekara ko hutun rashin lafiya. Dokar ƙwadago ta 1938 ta tsara mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin lokaci, amma ba ta ce komai a kan hutu ba. Wadda aka fi sani ita ce dokar hutun iyali da jinya, wato FMLA, ta 1993, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, kuma ita ta ba da har mako 12 ne saboda haihuwa ko rashin lafiya mai tsanani, ba tare da albashi ba. Abin da take karewa kawai shi ne kujerarka da inshorar lafiyarka. Ita ma sai kamfanin yana da ma'aikata 50 ko fiye, kuma sai ka yi musu aiki wata 12 da awa 1,250 a shekarar da ta gabata.

Saboda wannan giɓin ne birane da jihohi suka fara yin nasu. San Francisco ce ta fara ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 2006, sai Connecticut ta zama jiha ta farko a 2011, Kalifoniya da Massachusetts suka biyo baya a 2015, daga nan abin ya bazu. Ohio ba ta cikin jihohin da suka yi, saboda haka abin da kamfaninku ya rubuta a littafin ƙa'idojinsa shi ne iyakar abin da za ka iya riƙe su da shi. Ka nemi littafin ka karanta, domin idan sun yi alkawarin wani hutu a rubuce, kana da hujjar tambaya.

Hajiya Salamatu (Bronx, New York):
Ibrahim ɗana, abin da Zainab ta faɗa haka yake. A nan New York duk awa 30 da mutum ya yi aiki yana tara awa ɗaya. Kamfanin da yake da ma'aikata 100 ko fiye dole ya ba da har awa 56 a shekara, mai ma'aikata biyar zuwa 99 kuma awa 40. Ni ina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawan matanmu da suke da wannan haƙƙi amma ba sa taɓa shi. Za ka ga mace tana tari, idonta ya yi ja, ta sha magani a tashar jirgin ƙasa da asuba, ta tafi ta yi wa tsohuwa mai shekara tamanin wanka, alhali a ƙasan takardar albashinta an rubuta tana da awa 40 a ajiye. Idan ka tambaye ta, sai ta ce tana tsoron kada a ba wata gidan da take aiki. Wasu kuma ba su taɓa buɗe takardar ba, tunda kuɗin yana shiga banki kai tsaye.

Alhaji Garba (Bronx, New York):
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ba na jayayya da cewa mara lafiya ya kamata ya huta, amma ina so 'yan'uwa su ji ɓangaren mai ƙaramin jari. Shagon kayan abincin gida nake da shi, da yara shida. Idan kowannensu ya ɗauki awa 40 a shekara a kan dala 18 kowace awa, dala 4,320 ke nan, kuma wannan ba shi ne ƙarshen lissafin ba, domin ranar da ɗaya bai zo ba sai na kira wani ya tsaya a madadinsa, na biya mutum biyu a kan aikin mutum ɗaya. Kamfanin da yake da ma'aikata dubu ba zai ji a jikinsa ba. Ni kuwa ribar buhun shinkafa da galan na manja nake tattarawa, ga haya, ga wuta, ga inshora. Waɗanda suke rubuta waɗannan dokoki a Albany, babban birnin jiharmu, ba su taɓa tsayawa bayan kanta suna lissafin yadda za su biya hayar ƙarshen wata ba. Tun kafin a yi doka, yaron da ya yi rashin lafiya a shagona ban taɓa yanke masa albashi ba, amma a ganina wannan abu ne na mutunci tsakanin mai gida da yaronsa, bai kamata hukuma ta shigo da awo da tara ba.

Malama Zainab:
Ranka ya daɗe Alhaji, lissafinka daidai ne, amma a dube shi ta ɗaya gefen. Mai aikin cikakken lokaci yana yin awa 2,080 a shekara, don haka awa 40 ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na albashinsa ba, kuma ba kowa ne yake cinye awanninsa duka ba. Sannan dokokin ba su rufe ido ga ƙananan masu jari ba. A jiharku, wanda yake da ma'aikata huɗu ko ƙasa da haka, kuma ribarsa ba ta wuce dala miliyan ɗaya ba, hutu kawai zai bayar, ba sai ya biya ba. A Massachusetts sai an kai ma'aikata 11 biyan ya zama wajibi. Ana iya gardama a kan inda ya kamata a ja layin, kuma na yarda shago mai mutum shida ya fi kusa da ƙarami a kan babba.

Inda ban bi ka ba shi ne maganar mutunci. Kai ka san yaranka, ka san iyayensu, wataƙila ma masallaci ɗaya kuke. Malam Ibrahim kuwa bai taɓa ganin mai kamfaninsu ba, na'ura ce take karɓar katinsa da safe, kuma ita ce take rubuta masa laifi idan bai zo ba. A irin wannan wuri babu wanda za a roƙa, sai abin da doka ta rubuta.

Dakta A'isha (Baltimore, Maryland):
Ina so in ƙara da abin da muke gani a asibiti, domin wannan ba maganar aljihun ma'aikaci kaɗai ba ce. Waɗanda suka fi rasa hutun rashin lafiya su ne masu dafa abinci, masu raba shi, masu renon yara da masu kula da tsofaffi, wato waɗanda hannunsu yake taɓa mutane da yawa a rana. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago sun nuna kusan huɗu cikin biyar na ma'aikatan kamfanoni suna da wannan hutu, amma idan aka sauko kan kashi goma cikin ɗari mafi ƙarancin albashi, ba su kai rabi ba. Mai ciwon amai da gudawa da ya shiga kicin saboda ba zai iya rasa kuɗin yini ba, yana iya kwantar da mutane da dama. Haka nan mai hawan jini ko ciwon suga da yake ɗage ganin likita wata bayan wata saboda asibiti a lokacin aiki yake buɗewa, a ƙarshe a ɗakin gaggawa muke haɗuwa da shi, lokacin da ƙoda ko ido ya riga ya taɓu.

Gwamnatin tarayya da kanta ta amince da wannan hujja a lokacin korona. A 2020 majalisa ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata ƙasa da 500 su ba da har awa 80 da albashi, gwamnati kuma ta mayar musu da kuɗin ta hanyar rangwamen haraji. Tilascin ya ƙare a ranar 31 ga Disambar wannan shekarar, ba a sabunta shi ba. Alhaji Garba, ina ganin wannan tsarin na rangwamen haraji shi ne abin da ya kamata irinku ku nema daga 'yan majalisarku, maimakon neman a soke hutun.

Alhaji Garba:
Dakta, wannan magana ta shiga kunnena. Idan hukuma za ta ɗauki wani ɓangare na nauyin, ba ni da ta cewa. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci a can, a aiko mini da takardar biya a nan.

Nura (Chicago, Illinois):
Akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, kuma mu Musulmi ya fi shafa. Mafi yawan dokokin nan na rashin lafiya ne kawai: ka yi ciwo, ko ɗanka, ko iyayenka, ko kuma kana neman mafaka daga cin zarafi a gida. Ranar Sallah ba ta ciki. Jihohi uku ne na sani suka ce a ba da hutu saboda kowane dalili: Nevada daga 2020, Maine daga 2021, da Illinois daga farkon 2024. A Illinois awa ɗaya ake tarawa a duk awa 40, har zuwa awa 40 a shekara, kuma kamfani ba shi da ikon tambayar ka dalili ko neman takarda. Birnin Chicago ya ƙara nasa tun watan Yulin 2024, inda ake tara hutu iri biyu, awa 40 na rashin lafiya da wata awa 40 ta kowane dalili. Bana mutanenmu da yawa sun je Idi da iyalansu, suka ci tuwon Sallah a gida, kuma albashinsu bai ragu ba.

Matsala ɗaya ita ce kamfani yana iya neman a sanar da shi kwana bakwai kafin ranar, idan abu ne da ake iya hangowa. Masallatan da suke bin lissafin falaki suna sanar da ranar Idi tun da wuri, amma masu jiran ganin wata sai daren ake sani. Shawarar da nake ba mutane ita ce su rubuta wa shugabansu tun farkon azumi cewa ɗaya daga cikin ranaku biyu ce, su nemi a riƙe musu duka biyun, sannan su sake ɗaya idan an ga wata.

Ibrahim:
Yaya Nura, to wanda yake jihar da hutun rashin lafiya kawai ake bayarwa fa? Na ji wasu suna cewa su kan buga waya da safiyar Sallah su ce ba su da lafiya.

Malam Habibu (Philadelphia, Pennsylvania):
Ibrahim, wannan hanya ba ta dace ba, kuma ina roƙon 'yan'uwa su bar ta. Mutum ya kammala azumin wata guda, sannan ya buɗe ranar Idi da ƙarya don ya karɓi kuɗin da aka ware wa mara lafiya, wannan albashin akwai shubuha a cikinsa. Ban da haka, idan aka gano, dalili ne na kora, kuma yana ba masu adawa da dokar hujjar cewa ana wasa da ita. Akwai ƙofar halal. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya yi wa ma'aikaci sassauci saboda addininsa, sai dai idan hakan zai jawo masa wahala mai yawa, kuma a 2023 Kotun Ƙoli, a shari'ar wani ma'aikacin gidan waya Kirista da ya ƙi aikin Lahadi, ta ce ƙaramin kashe kuɗi bai isa ya zama uzurin ƙi ba. Wannan ba ya tilasta a biya ka ranar, amma yana ba ka damar neman musayar rana da abokin aiki ko hutu ba albashi, ka je Idi da gaskiyarka.

Bashir (Kano):
Ina bin wannan muhawara daga gida da mamaki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan ya yi wata 12, da har kwana 12 na rashin lafiya idan likita ya tabbatar, mai ciki kuma mako 12 da aƙalla rabin albashi. Ghana kwana 15 ta rubuta a dokarta ta 2003. Birtaniya kwana 28 take bayarwa, Faransa mako biyar. Ban zaci ƙasar da ta fi kowa arziki za ta bar wannan a hannun jihohi ba. Sai dai ba zan yi alfahari da namu ba, domin yaron shago a Kantin Kwari ko mai gadi a gidan wani bai san da wannan doka ba, kuma babu jami'in da zai zo ya duba. Waɗanda suke cin moriyarta su ne ma'aikatan gwamnati, bankuna da manyan masana'antu.

Malama Zainab:
Malam Bashir, an sha gwadawa a matakin tarayya. Tun 2004 ake gabatar da ƙudurin da zai ba da kwana bakwai na rashin lafiya, bai taɓa wucewa ba. A ƙarshen 2022, lokacin rikicin ma'aikatan jiragen ƙasa, majalisar wakilai ta amince a ba su kwana bakwai, amma a majalisar dattawa ƙuri'a 52 aka samu, alhali 60 ake bukata. Tsarin ƙasar ya bar wa jihohi iko mai faɗi a kan harkar ƙwadago, shi ya sa mutum biyu masu aiki iri ɗaya a kamfani ɗaya suke da haƙƙi daban idan iyakar jiha ta raba su. A nan Minnesota tun farkon 2024 muna tara awa ɗaya a duk awa 30 har zuwa awa 48, amma wanda ya tsallaka kogi zuwa Wisconsin ba shi da wannan.

Yakubu (St. Louis, Missouri):
Ku ji abin da ya faru da mu, domin kada wani ya ɗauka idan an samu doka an gama. A zaɓen Nuwamban 2024 mutanen Missouri, Alaska da Nebraska suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da hutun rashin lafiya mai albashi, kuma dukkansu jihohi ne da suka zaɓi 'yan Republican a wannan zaɓen. A Missouri kusan kashi 58 cikin ɗari ne suka amince. Muka fara tara awanni a ranar 1 ga Mayun 2025. Kafin wata huɗu su cika, majalisar jiha ta soke wannan ɓangaren, Gwamna Mike Kehoe ya sa hannu, tilascin ya ƙare a ranar 28 ga Agusta. Ina aiki a gidan abinci, kuma na ga abokan aikina da suka fara zuwa ganin likitan haƙori a karon farko cikin shekaru saboda waɗannan 'yan awannin. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ba kotu ce ta ce an saɓa wa tsarin mulki ba, wakilan da muka zaɓa ne suka warware abin da muka ƙulla da hannunmu.

A Michigan an yi makamancin haka a 2018, majalisa ta karɓi ƙudurin jama'a ta rage masa ƙarfi, sai a 2024 kotun ƙolin jihar ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulkinsu, dokar ta dawo a Fabrairun 2025 bayan an yi mata gyara. A Teksas kuwa biranen Austin, Dallas da San Antonio sun yi nasu dokokin, kotuna suka dakatar da su. Waɗanda suke da ƙuri'a a cikinmu su riƙa duba zaɓen 'yan majalisar jiha, domin a can ake yanke wannan hukunci, mu kuwa na shugaban ƙasa kaɗai muke fita.

Sani (Harlem, New York):
Mu direbobin manhaja fa? An ce mu 'yan kwangila ne, ba ma'aikata ba.

Malama Zainab:
Haka ne, Malam Sani, mafi yawan dokokin ma'aikaci suka ambata, ɗan kwangila kuwa yana waje, kuma duk wanda ake ba takardar haraji ta 1099 maimakon W-2 a matsayin ɗan kwangila aka ɗauke shi. Amma direbobi sun samu wani abu a wurare kaɗan. Jihar Washington ta yi doka a 2022 da ta ba su hutun rashin lafiya, kuma a jiharku, a sulhun da babbar lauyar jiha Letitia James ta yi da Uber da Lyft a Nuwamban 2023 a kan dala miliyan 328, an sanya cewa direba zai tara awa ɗaya a duk awa 30 har zuwa awa 56. Ka duba cikin manhajar, wajen bayanin kuɗin da ka samu.

Hajiya Salamatu:
Kafin a tashi, akwai abin da nake so matanmu da mazanmu na New York su sani, domin ya bambanta da hutun rashin lafiya da ake ta magana. Akwai hutun iyali, wanda tun 2018 ake cire 'yan kuɗi kaɗan daga albashinmu saboda shi, inshora ce take biya, ba aljihun mai shago ba. Yana kai mako 12, ana ba mutum kashi 67 cikin ɗari na albashinsa har zuwa wani iyaka, saboda sabuwar haihuwa ko jinyar uwa, uba, miji, mata ko ɗa. Kuma ba dole mara lafiyar ya kasance a Amurka ba. Wadda mahaifiyarta take kwance a Kumasi ko Zinder tana iya nema, muddin likitan can ya cike takardar. Mutanenmu da yawa ajiye aiki suke yi su tafi, su dawo su fara neman wani daga farko, alhali kuɗinsu ne aka tara. Daga farkon 2025 kuma an ƙara wa masu ciki awa 20 da albashi saboda zuwa awo, ba tare da an taɓa sauran hutunsu ba.

Alhaji Garba:
Wannan na inshora shi ne tsarin da na fi gamsuwa da shi, domin kowa yana zuba kaɗan kuma nauyin bai faɗo kan mutum ɗaya ba. Biyu daga cikin yarana matansu suna da ciki, zan gaya musu su nemi takardun tun yanzu.

Ibrahim:
Na gode, iyaye da yayye. Na duba littafin kamfaninmu kamar yadda Malama ta ce, na ga an rubuta cewa bayan shekara ɗaya ana ba da kwana biyar, kuma na wuce shekara. Malama Zainab, wa zan fara rubuta wa, shugaban sashenmu ko ofishin ma'aikata?

Malama Zainab:
Ofishin ma'aikata za ka rubuta wa, ta imel, ka sanya shugaban sashenku a kwafi. Ka ambaci shafin da aka rubuta alkawarin da ranar da ka fara aiki, ka tambaye su awa nawa ka tara zuwa yau da yadda ake neman ɗauka. Ka duba kuma ko sunan kamfanin ne a kan takardar albashinka ko na wani kamfanin samar da ma'aikata, domin idan ta hannun dillalan aiki aka ɗauke ka, littafinsu ne yake aiki a kanka, ba na masu siton ba. Ka ajiye kwafin komai a wayarka ta kanka, kada ka bar shi a imel na wurin aiki kaɗai.